Giyar da Kawu Bitrus Ba Ya Sha

Duk wanda ya taɓa taka gidan Kawu Bitrus a Laurel, nan Amurka, ranar Asabar ya san tsayuwar nan tasa. Zai ɗauko kwalba daga firjin gareji, ya buɗe ta a hankali, ya tsiyaya a kofin gilas, ya ɗaga kofin ya duba launi a hasken taga. Sai ya kai hanci ya shaƙa, ya lumshe ido. Daga nan ya miƙa maka, ya mayar da hannuwansa baya, ya tsaya a kanka yana kallon maƙogwaronka. Ba ruwansa da fuskarka, maƙogwaron yake gadi. Sai ya ga abin ya wuce sannan ya ce, "To, yaya?"

Dukanmu mun san amsar da muke ba shi. Da aka ce in rubuta wani abu don taron cikarsa shekara guda da barinmu, na ce to, amma da sharaɗin gaskiya zan faɗa, har da wadda ta shafe ni.

Ni ce Rifkatu, 'yar ƙanwarsa. A gidansa na sauka da na zo ƙarasa karatun jinya, na yi shekara huɗu ina cin tuwon Mama Saratu, matarsa, kafin in koma Silver Spring. Waɗanda suka yi aiki da ni sun san bakina. Na taɓa tsare likita a gaban majinyaci na ce masa ya sake duba abin da ya rubuta. Amma shekara goma sha biyu ina yi wa wannan tsoho ƙarya duk Asabar, idona cikin idonsa.

Ga tushen zancen. Mahaifiyar Kawu, kakata Laraba, burukutu take dafawa a ƙauyenmu wajen Pankshin, kuma ta yi suna da shi. Da Kawu ya ga Mama Saratu ya ce yana so, mahaifinta, wani mai bishara da ba ya wasa, ya ce ba zai ba ɗan mai giya 'yarsa ba. Kawu ya durƙusa ya yi wa uba da 'ya alkawari giya ba za ta wuce maƙogwaronsa ba. Aka ba shi. Surukin ya rasu, aka ƙetaro teku, aka haifi yara har suka yi aure, alkawari yana nan daram. Shekara arba'in da uku ko ɗigo bai sha ba.

A shekarar da ya yi ritaya daga ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Baltimore, Kaka ta rasu. Ya je gida aka binne ta, ya dawo da mudunta a cikin jakarsa, wani tsohon mudun tasa duk ya lotse. Bai yi sati biyu da dawowa ba muka tarar da dawa jiƙe a bahon wanka na sama, an rufe ta da tawul. Kwana huɗu kowa a gidan yana wanka da bokiti. A rana ta biyar Mama ta tsaya a ƙofar banɗakin ta riƙe ƙugu.

"Bitrus, ko dawar nan ta fita ko ni in fita. Kuma ina alkawari?"

"Sha na ce ba zan yi ba," in ji shi. "Kin ji na ambaci dafawa?"

Dawa ta fita. Amma maƙwabcinsu, wani Bature mai suna Mista Doug, ya gan shi yana zubar da ita yana ta ƙunƙuni, ya tambayi dalili, ya ja shi garejinsa ya nuna masa yadda suke dafa tasu a gida, irin wadda suke kira pale ale. Abin bai yi nisa da na Kaka ba. Sha'ir ne da aka tsirar, a jiƙa shi a ruwan zafi, a tace, a tafasa ruwan awa guda, a bari ya huce, a zuba yis, a rufe a bokiti sati biyu. Bambancin shi ne wani ɗan fure kore da ake kira hop, wanda ake watsawa a tukunya tana tafasa. Shi ke ba ta ƙamshi, shi kuma ke ba ta ɗaci. Kawu ya murza ɗaya a tafin hannu ya shaƙa, shi ke nan, zance ya ƙare. Matsalar kawai ita ce hanci ba ya jin ɗaci, shi kuwa Kawu hanci kaɗai yake da izinin amfani da shi.

Mama ta kafa doka: ba a kicin ɗinta ba, ba da tukunyarta ba, ba ranar Lahadi ba. Gareji ya zama nasa. Motarsu ta koma kwana a waje, rani da sanyi.

Kun san Kawu da tattali. Bai taɓa sayen kwalba ba. Ranar da ake fito da kwandunan shara, da sassafe zai sa rigar cocinsa, wai don kada a ɗauke shi ɓarawo, ya bi layi yana zaɓen kwalabe masu ruwan ƙasa. Wadda bai yarda da ita ba ya mayar ya girgiza kai, kamar mai sayen doya. Dusar sha'ir ɗin kuwa, wadda kowa ke zubarwa bayan an tace, shi shanya ta yake yi a bayan gida, ya niƙa, ya gasa wani abu da ya rantse biskit ne.

Na ce, "Kawu, a gida fa aladu ake ba wannan."

"Haka ne. A nan ba mu da alade." Ya tura mini farantin. "Amma muna da ke."

Na ci. Wanda ke zaune gidan mutane ba haya ba ya raina biskit.

Ranar da kwalbar farko ta nuna, ni ya kira. Ya ce duk Amurka ni kaɗai ce na taɓa kurɓa daga ƙwaryar Kaka, don ina yarinya takan ɗan ba ni in mahaifiyata ba ta kusa. Ya ce kuma duk dangi an san ba na ɓoye magana.

"Daga yau ke ce harshena, Rifkatu. Abin da kika ce shi ne."

Na kurɓa. Ina ƙarama na taɓa tauna ƙwayar maganin zazzaɓi da kuskure, to wannan yayarta ce. Ɗacin ya kama harshe, ya gangara, ya sami wuri a bayan wuya ya zauna. Na ɗago zan yi magana, sai na ga fuskarsa. Mutum ne ɗan shekara sittin da biyar, wata biyu da binne uwarsa, ya tsaya hannuwa a baya kamar ɗalibi gaban hedimasta.

"Hannun Kaka ya biyo ni?" ya ce.

A wurinmu ba a ce wa babba abin da ya ba ka da hannunsa bai yi ba. Ko tuwo ya ƙone, cewa ake wuta ce ta yi gaggawa. Na haɗiye na ce, "Ta yi, Kawu." Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma bakina bai iya tsayawa ba, sai na ƙara da cewa, "Wannan ɗan ɗacin ma shi ne daɗinta."

Ya ɗauko littafinsa ya rubuta, ina kallo: Rifkatu tana son ɗaci. Tukunya ta gaba, maimakon cikin hannu ɗaya na hop, ya zuba biyu.

Daga nan aka fara taron Asabar. Malam Danladi, abokinsa tun sakandare, yakan taso daga Takoma Park. Nas-nas 'yan'uwana sukan biyo in sun tashi aiki, ɗalibai su zo don shinkafar Mama. Kowa aka ba shi kofi sai ya duba fuskar na kusa da shi, ya ga an ce ta yi, shi ma ya ce ta yi. Malam Danladi, da son nuna shi tsohon aboki ne, ya ce, "Bitrus, wannan ta fi ta wancan karon." Hop ya koma cikin hannu uku. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to mu furen ma ya ishe mu.

Mutum ɗaya ne ya tsira, Alhaji Sule, injiniya ɗan Zariya da suka saba da Kawu a jirgin ƙasa na zuwa Baltimore. Shi Mama takan kawo masa zoɓo mai sanyi, ya zauna yana kurɓa yana kallonmu da tausayi. Wata rana na ji Malam Danladi ya matsa kusa da shi ya rage murya.

"Alhaji, shiga addinin nan naku, yana ɗaukar lokaci?"

"Sha abinka, Danladi," in ji Alhaji. "Kowa da irin jarrabawarsa."

Ba dabarar da ba mu gwada ba. Ni na riƙa karɓar aikin Asabar da hannu biyu, har shugabar sashenmu ta yaba mini a gaban mutane. Kawu sai ya aiko mini da nawa ranar Litinin, ya kuma kira a waya ya ji sakamako. Malam Danladi ya shiga azumi kafin Ista, ya ce bana har da giya ya bari. Kawu ya yaba masa ƙwarai. Ranar Asabar ta bayan Ista ya fito masa da kwalba shida a jere, kowace da kwanan watanta, ya ce, "Ban ci haƙƙinka ba. Ga na kowane sati." Akwai kuma wani fure da Mama ke ji da shi a bakin ƙofar gareji, wanda ya riƙa shan rabon mutane da yawa in Kawu ya juya baya. Bai kai wata uku ba ya bushe. Mama ta ɗauki tukunyar ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wanda ya kashe mini fure, Allah yana gani."

Ta san komai. Na same ta a kicin na roƙe ta ta gaya masa, tunda ita ba ya iya fushi da ita. Ta ci gaba da yankan alayyahonta.

"Ni ban ɗanɗana ba, ba ni da shaida. Ke ce harshe. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

A shekara ta huɗu Kawu ya ce hop ɗin kanti ya yi tsada, zai shuka nasa. Ya binne saiwa uku a bayan gida, ya ɗaura igiya daga ƙasa har tagar ɗakin sama. Ba mu damu ba, mun ɗauka ba zai yi ba. Ashe abin nan ya fi kabewa yaɗo. Kafin watan Yuli ya ƙare ya haye igiya, ya rufe taga, yana neman rufin gida. Malam Danladi ya tsaya a ƙarƙashinsa ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ya ce mini, "Rifkatu, da tsada ce ke kare mu. Yanzu mun shiga uku."

Sai ga takarda daga kwamitin unguwa, wai shukar ta saɓa ƙa'idar gidajen, a sare ta cikin sati biyu. Ban taɓa ganin takardar hukuma ta faranta wa 'yan Nijeriya rai irin wannan ba. Malam Danladi ya ce a bi doka, mu baƙi ne a ƙasar mutane, shi ma yana da adda a mota. Wata 'yar'uwa daga zumuntar mata ta ce za a sa maganar a addu'a, kuma na tabbata an sa.

Kawu ya sa babbar rigarsa da hula, ya cika leda da furen, ya tafi taron kwamiti shi kaɗai. Mista Doug, da yake wurin, shi ya ba mu labari. Wai Kawu bai yi gardamar ƙa'ida ba ko kaɗan. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya murza fure a tafin kowa, ya ce a shaƙa. Shugabar, wata tsohuwa mai tabarau, ta shaƙa ta ce kamar lemo. Ya ce mata a ƙasarsu ba a sare abin da ya riga ya yi fure, sai an jira ya gama, kuma ya roƙi arziki a bar shi ya gama. Ta ce yaushe zai gama. Ya ce ai duk shekara yake dawowa. Matar ta yi dariya har ta cire tabarau, aka ce ya sauke igiyar ƙasa da taga kawai, a bar masa abinsa.

Ya dawo ya same mu a gareji mun yi jugum, ya ce, "An bar mini. Allah ya saka wa duk wanda ya damu." Daga wannan shekara aka daina ƙidaya cikin hannu.

Ranar da na fi jin tsoro ita ce ranar gasa. Mista Doug ya sa sunan Kawu a gasar masu dafawa a gida da ake yi a bikin baje kolin gunduma, ƙarshen bazara. Alƙalan ba su san Kawu ba, ba su san kunya ba, kuma a takarda suke rubuta ra'ayinsu. Na ce yau ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Ni na tuƙa shi. Tun daga gida nake shirya magana a raina, gara ya ji daga bakina da ya ji daga bakin baƙo.

"Kawu, in ba su so ba fa?"

"Sai in san ba su da harshe. Ni ina da naki."

Na ce a raina bari mu wuce wannan danja tukuna. Muka wuce danja bakwai.

Ya zo na biyu. Wasu ƙarti masu gemu suka kewaye shi suna girgiza masa hannu, ɗaya yana cewa bai taɓa shan mai ƙarfin hali irin wannan ba. Ashe su ɗacin suke nema, har kuɗi suke biya a ba su shi. Suka ce ya ba su ma'auni, sha'ir nawa yake zubawa.

"Mudu bakwai," in ji Kawu.

Suka dubi juna. Ya buɗe jaka ya fito da mudun Kaka, ya nuna musu yadda ake cika shi har ya yi tozo, a kuma tare da hannu. Suka yi ta ɗaukar hoto. Wani ya tambaya hop fa, nawa. Kawu ya ce, "Sai zuciya ta ce ya isa."

Na ɗauka a hanyar dawowa zai cika ni da baki. Sai ya jefa kyautar a aljihun mota. Sai da muka kusa gida ya ce, "Mutanen da ke shan kofi ba sukari, me suka sani? Ba su san Kaka ba." Ya juyo ya dube ni. "Rifkatu, tsakaninki da Allah, ta kai ta Kaka?"

Wannan ita ce tambayar da yake yi tun farko, duk sauran ado ne. Bai damu da gasa ba, bai damu da giya ba ma. So yake ya ji cewa wani abu na tsohuwar nan bai shiga rami tare da ita ba. Ni kuwa na riƙe sitiyari na ce, "Ta kai, Kawu." Ya gyaɗa kai ya share ido da bayan hannu. A cikin duk ƙaryar da na yi masa, wannan ce ta hana ni sukuni, don da sunan Allah ya tambaye ni.

Ciwon ya zo da sauri, kun sani. A watan Agusta yana tsinkar fure a kan tsani, a Oktoba an kawo masa gadon asibiti an kafa a falo. Ni nake kula da shi da rana in na tashi aiki. Kullum in na gyara masa filo sai in ce yau zan faɗa, kullum sai in ga ya rame fiye da jiya in fasa.

Wata Asabar da la'asar muna falo, ni da Mama da Malam Danladi da Alhaji Sule. Kawu ya buɗe ido ya kira matarsa.

"Saratu, na riƙe ko ban riƙe ba?"

"Ka riƙe, Bitrus."

"To ina roƙon cokali ɗaya. In ji abin da nake ba mutane."

Mama ta tashi ta nufi gareji, wurin da ban taɓa ganin ta taka ba sai in za ta yi faɗa. Muna jin ƙarar firji. Ta dawo da kwalba a hannu ɗaya, cokalin shayi a ɗaya, ta miƙa wa Malam Danladi ya buɗe, don ita ba ta iya ba. Malam Danladi ya dube ni, ya buɗe. Mama ta zauna a bakin gado ta tallafo kan mijinta.

"Saboda ni aka ɗaure ka," ta ce, "ni kuma na kwance ka. Baba in mun haɗu ni zan yi masa bayani."

Ta ba shi. Muka ga maƙogwaron ya motsa. Da farko ba abin da ya faru. Sai fuskar ta fara tattarewa, daga goshi ta gangaro har haɓa, idanu suka rufe, leɓe ya shige ciki. Ya ɗaga hannu da ƙyar.

"Ruwa."

Na ba shi ruwa. Ya kurkure, ya sake neman wani. Ya kwanta yana numfashi, yana kallon silin.

"Rifkatu, wannan lalacewa ta yi?"

"A'a, Kawu. Haka take."

"Kullum?"

"Ta bana ma ta ɗan yi sauƙi."

Alhaji Sule ya juya baya, kafaɗunsa suna girgiza. Ni kuwa na durƙusa a gaban gadon, abin da na riƙe shekara goma sha biyu ya zubo gaba ɗaya. Na ce, "Kawu, ba ta kai ta Kaka ba. Ba ta taɓa kaiwa ba. Ta Kaka tana da ɗan tsami da ɗan zaƙi, taka ɗaci ce zalla. Ni na fara ƙaryar, saura suka bi ni. Ka tambaye ni da Allah na yi maka ƙarya. Ka gafarta mini."

Na ɗauka na kashe masa abin da ya rage masa. Ya juya kai ya dubi abokinsa.

"Danladi, kai da gyambon cikinka?"

"To ya zan yi, Bitrus? Kai ka ba ni."

Hawaye suka gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne, amma bakinsa dariya yake yi, irin dariyar da ba ƙarfin fitar da ita. "Duk Asabar," yake cewa. "Daga Takoma Park. Cikin dusar ƙanƙara." Ya lalubo kaina ya dafa. "Tashi, 'yata. Ashe haka kuke ƙaunata ban sani ba."

Mama ta goge masa fuska da bakin zaninta. Ita da ban taɓa jin ta yabi sana'ar surukarta ba, ta ce, "Bitrus, uwarka ma wani lokaci tata takan yi tsami har a kasa sha, kowa a ƙauye ya sani. Amma ranar kasuwa ba a samun wurin zama a gidanta. Wurinta ake zuwa. Wannan kam ka gado, dubi falon nan."

Ya duba. Ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ya rufe idon. Muka ɗauka barci ya yi. Har na tashi zan kawar da kwalbar sai ya kama hannuna.

"Akwai furen bana a firji. Ke za ki dafa ta gaba."

"To, Kawu. Zan rage hop ɗin."

"Kada ki rage komai," in ji shi. "Sun riga sun saba."

Ranar Laraba da safe ya tafi, Mama tana riƙe da hannunsa.

Na cika umarni, ban rage ko fure ɗaya ba. Giyar tana cikin kular ƙanƙara a bakin ƙofa, kowa ya ɗauki tasa in za a tashi. Wannan karon ba sai kun ce ta yi ba.

Ya Ubangiji, ga bawanka Bitrus, wanda ya riƙe maganar da ya yi a durƙushe har ƙarshen ransa. Ka gafarta masa kurakuransa kamar yadda ya gafarta mini nawa ba tare da ya sa na roƙa sau biyu ba. Ka ta'azantar da Mama Saratu, ka riƙe mata hannu a gidan da ya yi mata faɗi. Ka haɗa shi da mahaifiyarsa a wurin hutawa, ta gaya masa da bakinta cewa ya kai. Cikin sunan Yesu, amin.